Sabon ginin jami'a: ɗaki ne ke koyarwa ko malami?

Malamin_Lissafi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai da ɗalibai. Akwai tambayar da ta tsaya mini a rai tun farkon wannan zangon karatu. Jami'ar da nake koyarwa ta kammala sabon ginin tsangayarmu, bene mai hawa huɗu, kuma da muka tare sai muka tarar zauren lacca irin wanda muka saba, mai kujeru a jere suna hawa sama kamar matakala, guda ɗaya tak aka yi. Sauran duk ɗakuna ne masu shimfiɗaɗɗen daɓe, da tebura masu taya, da farin allo a bango huɗu, da allon majigi a kowace kusurwa. Ranar farko na tsaya a tsakiyar ɗaki da alƙalamin allo a hannu ina neman gaban aji ban same shi ba, domin duk inda na fuskanta akwai waɗanda na juya wa baya. Shekara 19 ina koyar da lissafi ban taɓa jin kaina baƙo a aji ba sai ranar. Shin akwai hujjar da ta nuna irin wannan gini yana ƙara wa ɗalibi fahimta, ko kuwa ado ne na gilashi da fenti da ake ɗauka a hoto a saka a mujallar jami'a?

Alƙalami_Ja:
Wa alaikumus salam, Malam. Hujja akwai, amma a kula da abin da ta tabbatar. A shekarar 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 da aka yi a kan kwasa-kwasan kimiyya da injiniyanci da lissafi, suka kwatanta ajin da malami ke zuba lacca daga farko har ƙarshe da ajin da ɗalibai ke warware matsala da tattaunawa a lokacin darasi. A ajin lacca zalla kashi 33.8 cikin ɗari na ɗalibai suka faɗi, a ɗaya ajin kuwa kashi 21.8. Sun kuma lura cewa amfanin ya fi fitowa fili a ajin da bai wuce mutum 50 ba. Sai dai abin da aka auna a nan salon koyarwa ne, ba tebur mai taya ba. Ɗakin da aka ba ku an yi shi ne domin wannan salo, kuma idan aka shiga cikinsa da tsohuwar lacca to ya fi tsohon zaure muni, tunda rabin aji wuyansu a murɗe zai wuni.

Dattijon_Sashe:
Ina so a daina magana kamar lacca wata cuta ce da aka gano maganinta. Zaure mai hawa-hawa ba don rashin tunani aka yi shi ba. Wanda ya ga hoton ɗakin koyar da fiɗa na Jami'ar Padua da ke Italiya, wanda aka buɗe a 1595, zai ga an jera matakai shida a zagaye suna kallon tebur ɗaya a ƙasa, domin kowane ɗalibi ya ga hannun malami ba tare da kan wani ya tare shi ba. Matsalar gani da ji ce aka warware, kuma har gobe matsalar tana nan. Idan malami zai ɗauki hujjar lissafi tun daga tushe ya bi ta layi-layi har allo uku su cika, ɗalibi yana buƙatar ya zauna shiru ya ga yadda gwani ke tunani. Wannan ma koyo ne. Ban yarda a ce wa ɗan shekarar farko ya tattauna da ɗan'uwansa a kan abin da dukansu ba su sani ba, sannan a kira hakan ci gaba.

Alƙalami_Ja:
Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya, ban ce a kashe lacca ba. Amma maganar ɗalibi ya tattauna da ɗan'uwansa tana da asali. Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard, ya fara wannan salo a farkon shekarun 1990, kuma a cikin zaure mai hawa-hawa ya fara shi. Yakan yi bayani kaɗan, ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan ya ce kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi. Dalilinsa shi ne, ɗalibin da ya gane abu minti biyu da suka wuce yana tune da inda ya sarƙe, malamin da ya gane shi shekara talatin baya kuwa ya manta cewa wurin yana da wuya.

Tauraruwa_22:
Ni ɗaliba ce a shekara ta uku, kuma na zauna a irin ɗakunan biyu. Gaskiyar magana, a zauren lacca na fi jin daɗi, domin nakan zauna a layi na bakwai in rubuta abin da aka rubuta, in fito ina ganin na fahimci komai, sai na zauna yin aikin gida da dare in ga ko layin farko ba zan iya farawa ba. A ɗakin tebura babu wurin ɓuya. Malam yana zagayawa, ya tsaya a bayanki ya ga takardarki fara fat, dole ki buɗe baki ki ce ga inda kika tsaya. Makonnin farko na tsani abin ƙwarai. Abin da har yanzu ban so ba shi ne idan aka haɗa ki da wanda ya fi kowa baki, shi zai riƙe alƙalamin allo har a tashi, ku sauran kuna kallo.

Fitila:
Abin da Tauraruwa ta faɗa an gwada shi. A 2019 Louis Deslauriers da abokan aikinsa a Harvard sun raba ɗaliban fiziks gida biyu, aka koya musu darasi ɗaya ta hanyoyi biyu, sannan aka musanya. Waɗanda aka yi wa lacca mai daɗin ji sun ce sun fi ƙaruwa, amma da aka yi gwaji waɗanda suka sha wahalar warware matsala da kansu ne suka fi cin maki. Saboda haka, Malam, idan ɗalibanka suka yi ƙorafi a watan farko, kada ka ɗauka cewa ɗakin ne ya gaza.

Mai_Zanen_Gini:
Bari in shigo ta ɓangaren sana'ata. Irin ɗakin da Malam ya siffanta ba daga sama ya faɗo ba. Robert Beichner ne ya fara tsara shi a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka a shekarun 1990, da tebura masu zagaye, kowane tebur mutum tara, an kasa su uku-uku, malami kuma teburinsa a tsakiyar ɗaki. MIT, wato Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da ke Amurka, ta ɗauki tsarin a farkon shekarun 2000 domin kwas ɗin fiziks na shekarar farko, ta yi ɗaki mai tebura 13. Adadin nan na tara da uku ba kwalliya ba ne, an gwada girman tebur iri-iri kafin a tsaya a kan mai faɗin kusan mita biyu, domin idan ya fi haka na can ƙetare ba ya jin na nan, idan kuma ya gaza haka babu wurin ajiye kwamfuta da littafi.

Abin da hukumomin jami'a ba su cika so a faɗa ba shi ne fili. Ɗalibi ɗaya a irin wannan ɗaki yana cin kusan ninki biyu na filin da zai ci a zaure mai jerin kujeru, tunda dole a bar hanya tsakanin tebura da malami zai ratsa. Sau da yawa muna zana ɗaki na mutum 60, a miƙa gini, bayan shekara guda mu dawo mu tarar an cusa kujeru 110. A wannan hali taya ba ta da amfani, domin babu inda tebur zai motsa.

Malamin_Lissafi:
Na gode ƙwarai. Maganar cusa kujeru ta riga ta faru, domin ɗakin da aka rubuta 72 a ƙofarsa ajina na mutum 95 aka saka a ciki. Amma har yanzu ba a amsa ainihin tambayata ba. Duk binciken da aka kawo a kan salo ne. Idan Mazur ya yi nasa a tsohon zaure ya kuma yi nasara, me sabon ginin ya ƙara?

Fitila:
An taɓa ware ɗakin shi kaɗai a gwada. A Jami'ar Minnesota malami ɗaya ya koyar da kwas ɗaya, da kayan karatu iri ɗaya, ga rukuni biyu, ɗaya a aji na gargajiya ɗaya a ɗakin tebura masu zagaye, kuma rahoton da Christopher Brooks ya fitar a 2011 ya nuna na ɗakin tebura sun zarce abin da makin shigarsu jami'a ya sa aka yi tsammani. Fassarar da ta fi gamsar da ni ita ce ɗaki yana canza halin malami ko bai yi niyya ba. Wanda ba shi da mumbarin da zai tsaya a bayansa dole ya yi tafiya, wanda ke tafiya a cikin ɗalibai kuma dole a tare shi da tambaya.

Kunnen_Gini:
Duk kun tsaya a kan tebur da kujera, kun bar abin da ya fi kashe aji, wato sauti. Ilimin sautin ɗaki ma daga zauren laccar jami'a ya samo asali. A 1895 Harvard ta buɗe wani zaure a gidan adana kayan fasaha na Fogg, aka tarar ba a iya fahimtar mai magana, domin kalma ɗaya takan yi fiye da daƙiƙa biyar tana amsa-kuwwa kafin ta mutu, ta hau kan kalmomin da ke biye da ita. Aka ɗora wa wani matashin malamin fiziks, Wallace Sabine, alhakin gyarawa. Shi da mataimakansa suka riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zaure da tsakar dare, suna jera su, suna busa bututun kiɗa suna auna lokacin da sautin zai ɓace, kafin gari ya waye su mayar da matasan. Daga nan ya gano alaƙar da ke tsakanin girman ɗaki, da yawan abin da ke shanye sauti, da tsawon amsa-kuwwa.

Ƙa'idar da ake bi a Amurka ga ƙananan azuzuwa ita ce amsa-kuwwa kada ta wuce daƙiƙa 0.6, hayaniyar ɗaki idan babu kowa kuma kada ta wuce desibel 35 a ma'aunin ƙarfin sauti. Yanzu a duba sabbin gine-gine: bango na gilashi, daɓe na tayil, silin na kankare tsirara saboda wai ya fi kyau a ido. Duka ukun suna mayar da sauti. A zauren lacca mutum ɗaya ke magana, a ɗakin tebura kuwa rukuni goma ne ke magana lokaci guda, kowa yana ɗaga murya don ya rinjayi na kusa, har ɗakin ya koma kamar ana rigima. Malam, ka shiga ɗakinka idan babu kowa, ka tafa hannu sau ɗaya ka saurara. Idan ka ji sautin yana ja, a nemi allunan shanye sauti a manna a silin da saman bango tun kafin muryarka ta dushe.

Malamin_Lissafi:
Injiniya, na yi abin da ka ce yau da safe kafin ɗalibai su iso. Sautin ya ja sosai, har mai shara da ke baranda ya leƙo ya ga ko lafiya. Yanzu na gane dalilin da ya sa nake komawa ofis da ciwon maƙogwaro.

Sarkin_Gyara:
Ni a sashen kula da gine-gine nake aiki, kuma mu ne ake kira idan masu yanke kintinkiri sun watse. Ƙorafina a kan gilashi ne. An ba mu gini wanda dukan fuskarsa ta yamma gilashi ne tun daga ƙasa har sama, babu rumfa, babu abin kare rana, kuma tagogin ba sa buɗuwa saboda an dogara ga na'urar sanyaya iska. Daga ƙarfe biyu na rana ɗakunan wannan ɓangare ba sa zaunuwa, hasken kuma yana wanke allon majigi har ba a ganin rubutu, sai ɗalibai suka fara liƙa manyan takardu a gilashin. Ranar da babbar na'urar ta tsaya, kayan gyaranta ba su iso ba sai bayan mako shida, kuma duk tsawon lokacin darussa a tsohon gini aka yi su, wanda aka ce ya tsufa, mai kaurin bango da tagogi ta fuska biyu. Da za a tambaye mu kafin a zana, abu uku za mu roƙa: taga mai buɗuwa, ƙwan fitilar da za a iya canzawa ba tare da an kafa tsani mai hawa uku ba, da taya mai ƙarfi a ƙarƙashin tebur, domin ita ce ke fara karyewa.

Mai_Zanen_Gini:
Ban musa ba, Sarkin_Gyara, kuma laifin namu ne a wurare da yawa. Amma zamani ba lallai ne ya zama akwatin gilashi ba. A Jami'ar Fasaha ta Nanyang da ke Singafo akwai ginin da Thomas Heatherwick ya zana, aka buɗe a 2015, hasumiyoyi 12 da ke kewaye da fili a tsakiya, da ɗakunan karatu 56 marasa kusurwa. Filin tsakiyar a buɗe yake iska na ratsawa, ga shi kuwa ƙasar mai zafi da gumi ce. Haka Francis Kéré, wanda ya karɓi Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini, a 2022, ya gina Cibiyar Fasaha ta Burkina a Koudougou da bangon yumɓu da aka zuba kamar yadda ake zuba kankare, da rufin da ke barin iska mai zafi ta fice ta sama, da shingen itace da ke kare rana. Ƙa'idar tsohuwa ce: a rage buɗe gini ta gabas da yamma, a yi inuwa kafin rana ta taɓa gilashi, a bar wa iska hanyar shiga da ta fita.

Likitan_Iska:
A ƙara da numfashi. Iskar waje tana ɗauke da kabon dayoksaid, wato iskar da muke fitarwa idan muka yi numfashi, kimanin kashi 420 cikin miliyan, kuma tun 1858 Max von Pettenkofer na Jamus ya sa kashi 1000 a matsayin alamar cewa iskar ɗaki ta fara lalacewa. Ɗakin da aka yi wa mutum 72 aka zuba 95, aka rufe ƙofa awa biyu, zai wuce wannan adadi da wuri idan na'urar ba ta shigo da sabuwar iska. Ƙananan na'urorin sanyaya ɗaki da ake maƙalawa a bango iskar ciki kawai suke juyawa suna sanyayawa, ba sa kawo ta waje. Gyangyaɗin da ake gani a rabin darasi na biyu ba kullum ne laifin malami ko na ɗalibi ba.

Mai_Keke:
Ina karanta muhawarar nan tun jiya, kuma ina so Farfesa Dattijon_Sashe ya ji ta bakina cikin girmamawa. Shekara huɗu na yi digirina na farko a keken guragu, kuma a zaure mai hawa-hawa wurina ɗaya ne, can ƙasa a gefen ƙofa, kusa da kwandon shara, inda nake kallon allo a karkace, abokaina kuma suna sama. Idan malami ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi, ni babu kowa kusa da ni. Ranar da na fara shiga ɗaki mai shimfiɗaɗɗen daɓe, na janye kujera ɗaya na shiga tebur kamar kowa, ranar ce na fara jin ni ɗalibi ne a cikin aji. Duk da haka sabon gini ma yana da nasa. Gangaren keke bai kamata ya wuce hawan mita ɗaya a cikin tsawon mita 12 ba, amma na ga inda aka yi shi a tsaye kamar na tura kaya, na kuma ga lif ɗaya tilo da idan ya lalace hawa na uku ya haramta gare ni. Yanzu kuma an shigo da yayin manyan matakalai na zama a tsakiyar gini, inda ake cewa nan ɗalibai za su riƙa haɗuwa, wato an sake gina wurin taron da ba zan iya hawa ba.

Dattijon_Sashe:
Ɗana, na karɓi wannan gyara, kuma ban taɓa kallon abin ta wannan fuska ba duk da shekarun da na yi ina tsayawa a ƙasan irin wannan zaure. Ina nan a kan cewa a bar zaure ɗaya ko biyu domin laccar da ta cancanta, amma a yi musu ƙofa ta sama da ta tsakiya yadda mai keke zai zaɓi wurin zamansa.

Ma'ajin_Littattafai:
Akwai wurin koyon da ba a ambata ba, wato inda ɗalibi ke zama tsakanin darasi da darasi. Ɗalibi yana yin awa uku ko huɗu a aji, sauran wunin fa? Sabbin gine-gine sun gane haka, shi ya sa ake faɗaɗa baranda ana saka kujeru da soket. A Lozan ta Suwizalan, cibiyar karatu ta Rolex da aka buɗe a 2010 kusan ɗaki ɗaya ce ƙatuwa, babu bango, daɓen yana hawa da sauka kamar tuddai, tudun ne ke raba wurin shiru da wurin hira. A Jami'ar Shikago kuwa laburaren Mansueto na 2011 ya tura littattafai ƙarƙashin ƙasa, wurin da zai ɗauki kimanin miliyan 3.5, na'ura ke ɗauko su cikin 'yan mintuna, aka bar wa masu karatu saman ƙarƙashin rufin gilashi.

Amma abin da nake gani kullum a wurin aikina ya saɓa wa hotunan talla. Kujerun launi-launi masu laushi da aka zuba domin tattaunawa sukan wuni babu kowa, ƙananan teburan mutum ɗaya masu katanga ta gefe uku kuwa tun ƙarfe takwas sun cika, har ana ajiye jaka a kama wuri. Idan jarrabawa ta matso, ɗakin aikin rukuni mai kujera shida za ka tarar mutum ɗaya ne a ciki ya rufe ƙofa. An yi ta gina wurin magana, an manta cewa yawancin karatu shiru yake so.

Tauraruwa_22:
Malama ta faɗi gaskiya. Mu abin da muke dubawa kafin mu zauna shi ne soket, sannan ƙarfin intanet, sannan ko bayanmu yana jingine da bango. Kujerar da ke tsakiyar fili inda kowa ke wucewa ta bayanki yana kallon allon kwamfutarki, ko ta fi kowace laushi ba mai zama a kanta.

Alƙalami_Ja:
Wannan ya shafi ofisoshinmu ma. A sabon gininmu an soke ofishin mutum ɗaya ga duk wanda bai kai babban malami ba, aka zuba mu 14 a ɗaki guda da sunan za mu fi yin aiki tare. Ɗaliba ta zo tana so ta faɗa mini dalilin da ya hana ta rubuta jarrabawa, ta duba ta ga kunnuwan mutum 13, ta ce za ta dawo, ba ta dawo ba. Ethan Bernstein da Stephen Turban sun auna abin da ya faru a kamfanoni biyu da suka rushe katangun ofis, rahotonsu na 2018 ya nuna magana fuska da fuska ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, saƙonnin imel kuma suka ƙaru. A kamfani aka yi binciken, ba a jami'a ba, amma abin da nake gani ke nan, kowa ya toshe kunne da abin sauraro.

Baƙon_Tsangaya:
Tunda Malam ya tambayi me gini ke ƙarawa, ga labarin da ya kamata a sa a ma'auni. A 1943 MIT ta yi wani gini na katako cikin gaggawa domin binciken radar, na'urar gano jiragen sama daga nesa, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da niyyar rushe shi da zarar an gama yaƙin. Ko suna ba a ba shi ba, Gini na 20 ake ce masa. Bai faɗi ba sai 1998. Yana da zafi, yana da sanyi, yana yoyo, amma a cikinsa Noam Chomsky da abokansa suka raya sashen nazarin harshe, a cikinsa aka yi manyan ayyuka na lantarki da sauti. Waɗanda suka zauna a ciki sun ce sirrinsa shi ne babu mai jin tausayinsa: idan mai bincike yana buƙatar waya ta ratsa bango sai ya huda, ba ya neman izinin kowa. A wurinsa aka gina cibiyar Stata da Frank Gehry ya zana, aka buɗe a 2004, kuma a 2007 jami'ar ta kai ƙarar kamfaninsa da na 'yan kwangila kan yoyo da tsagewa, daga baya aka sasanta. Ban kawo wannan don in ce a gina rumfar katako ba. Tambayata ga Malam ita ce, a sabon gininku an yarda ka matsar da tebur, ka rataye allo, ka manna takarda a bango, ko sai ka rubuta wasiƙa?

Sarkin_Gyara:
Ranka ya daɗe, wanda ya huda mini bango ba izini zai gamu da ni, domin a bayan bangon nan akwai wayar wuta da bututun ruwa. Amma na yarda a bar bango ɗaya a kowane ɗaki wanda za a iya kafa ƙusa a cikinsa.

Malamin_Lissafi:
Baƙon_Tsangaya, wasiƙa ake rubutawa, kuma an manna sanarwa cewa duk wanda ya matsar da tebur ya mayar da shi yadda ya same shi kafin ya fita, alhali minti goma ne tsakanina da malamin da ke biye da ni. Ga abin da na gwada a wannan mako. Na ɗauki minti 20 na farko na yi bayani a allo ɗaya, na ce kowa ya juyo da kujerarsa ya fuskance ni, kamar yadda Farfesa yake so. Sannan na ba kowane tebur tambaya ɗaya, na ce wanda zai riƙe alƙalamin allo ni zan zaɓe shi, saboda abin da Tauraruwa ta faɗa. A tebur na shida na tarar mutum tara sun yi kuskure iri ɗaya a wurin da shekara da shekaru nake wucewa da gudu ina ɗauka kowa ya sani. Sai dai ban gama abin da na tsara ba, kashi biyu cikin uku kawai na taɓa, kuma manhajar kwas ɗin ba ta ragu ba. Waɗanda suka daɗe a irin wannan ɗaki, yaya kuke yi da wannan?

Alƙalami_Ja:
Ni nakan tura musu shafukan da za su karanta kafin su zo, da tambayoyi biyar masu ɗan maki da za su amsa ta intanet daren ranar, in ba haka ba rabinsu ba za su buɗe littafin ba. Duk da haka sai da na cire babi guda daga kwas ɗin, kuma sai da muka kai ruwa rana da shugaban sashe kafin ya sa hannu.

Dattijon_Sashe:
Wane babi aka cire, Malama, kuma wa zai koya musu shi kafin su shiga kwas ɗin shekara ta gaba da aka gina a kansa? Wannan nake so a amsa mini kafin a kai ga zancen silin.

Kunnen_Gini:
Farfesa, a bar mini zancen silin tukuna, domin shi ne mai sauƙin gyara. Malam, ka auno mini tsawon ɗakin da faɗinsa da tsayinsa, ka kuma faɗa mini ko akwai labule a tagogin, zan lissafa maka yawan allunan da za ka nema a wasiƙar. Ka auna har da tazarar da ke tsakanin allon majigi da kujerar da ta fi nisa, domin idan ta wuce ninki shida na tsayin allon, na bayan ba sa iya karanta ƙananan alamomin lissafinka.